Tambayoyin rezo da na gaji da amsawa

Wa ke kula da kamfanonin waya a Nijar?

Hukumar ARCEP. Da ARTP ake ce mata, a 2018 aka sake suna. Na faɗa ya fi sau goma.

Kamfani nawa ne?

Huɗu: Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms. Zamani shi ne tsohon Orange, Faransawa sun sayar a 2019. Niger Telecoms na gwamnati ne, Sonitel da SahelCom aka haɗe.

To me ya sa ba su karya farashin forfe, tunda gasa suke?

Malam, ƙasarmu ba ta da teku. Intanet ta wayar ƙarƙashin ƙasa yake shigowa daga ƙasashen maƙwabta, kuma kuɗi ake biya. Ga haraji, ga gazuwal ɗin da antan ke sha duk lokacin da aka ɗauke kuran. Ban wanke su ba fa, gasar mutum huɗu ba wata gasa ba ce, kowa na leƙen farashin ɗan'uwansa ya ɗora nashi kusa.

Megata na ƙarewa da wuri, sata ce?

Duba wayarka tukun. Kai ne ka bar bidiyon TikTok na tashi da kansa.

Zan iya sayen Starlink in riƙa sayar ma 'yan unguwa wifi?

To nan ne sai a hankali. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya samu izinin aiki a Nijar, ya fara a 2025, saboda haka mallakarsa ba laifi ba ne, ba kamar da ba da ake shigo da shi ta Jibiya a ɓoye. Amma sha a gidanka daban, sayarwa daban, da ka fara yanka tikiti kana amsar dala ashirin ashirin ka zama mai sayar da intanet, kuma wannan hurumin ARCEP ne, sannan shi kansa kamfanin Starlink bai yarda a sake sayar da forfen gida ba. E, na san wane da wane na yi a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na Maraɗi ba wanda ya taɓa su, wataƙila kai ma ka shekara lafiya, wataƙila kuma ranar da aka fara kame da kai za a buɗe. Sai ka lissafa batir da sola, ga ruwan damina mai ƙarfi na rage rezo, mutum talatin kuma in suka hau kai ɗaya sai ja da ciki. Ni dai shawarata, nemi takarda kafin ka zuba jarinka. Kada gabanka ya faɗi, tambaya ba ta sa a kama mutum.

Ina zaune a Ɗan Isa kusa da iyakar Najeriya, kiredina ya tafi ban kira kowa ba?

Rezon Najeriya wayarka ta kama. Shiga saiti ka zaɓi kamfaninka da hannu, ka kashe romin.