Tangistan heksakulorayid, WCl6

Tangistan heksakulorayid sinadari ne da ake samu idan atom ɗaya na ƙarfen tangistan ya haɗu da atom shida na kulorin, shi ya sa ake rubuta shi WCl6. A yanayin ɗaki daskararre ne, ƙwayoyinsa shuɗi-shuɗi ne mai duhu sosai har ya kusa baƙi, nauyin mol ɗaya (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari) wajen giram 396.5 ne, kuma kowane santimita kubik yana da nauyin giram 3.52.

Abin mamaki game da shi shi ne zafin da yake narkewa. Shi fa tangistan ɗin kansa duk cikin ƙarafa babu mai taurin kai wajen narkewa kamarsa, sai an kai digiri 3422 a ma'aunin Selshiyas, amma da zarar kulorin shida sun zagaye shi sai labari ya canza, ya narke a digiri 275 kacal ya kuma tafasa a wajen 347. Dalili kuwa yana cikin tsarin molekul ɗin, wato curin atom bakwai ɗin nan: tangistan yana tsakiya, kulorin ɗaya sama ɗaya ƙasa huɗu a gefe, kowanne nesansa da tsakiyar wajen fikomita 225 (fikomita kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na mita), to sun rufe shi ruf ba ta inda zai kama na kusa da shi, kowane molekul zaman kansa yake yi kuma ɗan jan da ke tsakaninsu ba shi da wani ƙarfi, wuta kaɗan ta ishe su rabuwa. Irin wannan sinadari mai kulorin shida wanda ba shi da caji ba su da yawa ko kaɗan, uraniyom ma yana da nasa, UCl6.

Launinsa ma ba ya tsayawa waje ɗaya. In aka sanyaya shi sosai sai ya koma ja mai duhu, haka in aka daskarar da tururinsa da sauri ana samun jan nau'i, wanda da an ɗan ɗumama shi zai koma shuɗinsa. Maganaɗisu ba ya jansa saboda tangistan ɗin yana matakin +6, wato ya ba da duka ilektiron shidansa na waje.

Haɗa shi ba wani dogon aiki ba ne a takarda, W + 3 Cl2 → WCl6, ana ƙona garin tangistan cikin iskar kulorin a wajen digiri 600. Wahalar tana wajen hana iska da laima shiga. Nan ne fa rauninsa yake, don ko ɗan raɓa ya taɓa shi sai oksijin ya fara ture kulorin bibbiyu, da farko ya zama WOCl4 mai launin ja ko ruwan lemo, sannan WO2Cl2 mai ruwan ɗorawa, ƙarshe WO3, kuma duk tsawon hanyar nan yana fitar da hayaƙin haidirojin kulorayid mai cin ƙarfe da ƙona ido da maƙogwaro. Masu aiki da shi a lab in suka ga ja-ja ko rawaya a jikin kwalba sun san kaya sun fara lalacewa, sai su ɗumama a hankali WOCl4 ɗin ya tashi ya bar musu shuɗin tunda shi ya fi saurin zama tururi. Saboda haka a ƙarƙashin iskar naitirojin ko agon ake buɗe shi, kuma ba a narka shi a ruwa, sai a su kabon disalfayid da kabon tetirakulorayid.

Yana da 'yan'uwa masu ƙarancin kulorin. In aka rage masa ɗaya aka samu WCl5, sai molekul ɗin su manne bibbiyu su zama W2Cl10, akwai kuma WCl4 baƙi, da WCl2 wanda a zahiri curi ne na atom shida na tangistan, W6Cl12.

Amfaninsa mafi girma shi ne matsayin mafari, daga gare shi ake gina sauran sinadaran tangistan. A 1967 Nissim Calderon da abokan aikinsa a kamfanin taya na Goodyear a Amurka sun gauraya WCl6 da etanol da wani sinadarin alminiyom, suka samu katalis, wato abin da ke hanzarta haɗin sinadarai, da ke sa molekul biyu na olefin (sinadaran kabon da haidirojin masu haɗi mai ninki biyu tsakanin atom biyu na kabon) su tsinke a daidai haɗinsu mai ninki biyu su yi musayar rabi-rabi, fannin da daga baya ya kawo wa Chauvin da Grubbs da Schrock kyautar Nobel ta 2005. Haka a 1973 rukunin Geoffrey Wilkinson a Landan suka yi W(CH3)6 daga WCl6, wato tangistan mai rukunin methil (CH3) shida a maimakon kulorin, wanda shi kuma ya ƙi bin siffar WCl6 ɗin, methil shidansa suka jeru uku sama uku ƙasa suna kallon juna kai tsaye. A harkar kera cif na kwamfuta dai WF6, wato tangistan mai fulorin shida a maimakon kulorin, aka fi amfani da shi wajen shimfiɗa siririn tangistan, tunda shi tun a digiri 17 ya riga ya zama iska, ba sai an sa masa wuta ba.