Kafin ka karɓi riƙon babban kare

Kwanakin baya wani bawan Allah ya shigo asibitin dabbobin da nake aiki, yana janye da wani ƙaton kare da igiyar shanya. Kallo ɗaya za ka yi masa ka san ruwa-biyu ne: kai da kunnuwa na Alseshan (wani irin ƙaton karen Turai), jiki da jela na karen gida. Haƙarƙari a waje, kunnuwa cike da kaska, wuya ya yi gyambo inda sarƙa ta ci. Maƙwabcinsa ne ya tashi daga gidan haya ya bar shi a ɗaure. Ya ce mini, "Likita, ni ba mai kiwon kare ba ne, amma ba zan iya kallonsa ya mutu ba. Zan riƙe shi har a sami mai so." Na yi masa addu'ar alheri, sannan na tambaye shi ko akwai yara a gidansa. Ya ce biyar, kuma tun jiya suke wasa da shi. Nan take gabana ya faɗi.

Abin da ya yi abin yabo ne. Mun taso muna jin hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Riƙo kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun san nauyinsa. A Ingila ko Amurka akwai ƙungiyoyin da ke karɓar irin waɗannan karnuka, su duba lafiyarsu, su yi musu allura, sannan su ba wani ya riƙe kafin a sami gida na dindindin. A garuruwanmu kuwa, mai riƙon shi ne komai, kuma karen na zuwa masa ba takarda, ba tarihi.

Abin da nake tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin ɗari daga kare suke ɗauka, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, ba sai cizo ya yi zurfi ba. Yakushi, ko lasar wurin da fata ta ɓare, ya isa.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da kare ya shigo hannunka, keɓe shi. A samar masa wuri mai inuwa da ƙofa mai rufuwa, nesa da yara da awaki da kaji, babban mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci. A kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar riga-kafi, a karɓi katin shaida. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana haɗa wannan allura, kuma a wurare da dama akan yi wa karnuka kyauta a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya. Amma kada ka jira Satumba.

Akwai wani kuskure da nake yawan ji, har daga bakin masu ilimi. Sai a ce ai an tsare shi kwana 10 bai yi komai ba, ke nan lafiyarsa lau. Wannan kwana 10 na karen da ya ciji mutum ne: idan ya cika su da ransa da lafiyarsa, to ranar da ya yi cizon babu cutar a yawunsa. Ba ta nuna cewa babu ita kwance a jikinsa ba, domin takan yi makonni ko watanni kafin ta tashi, kuma allura ba ta da tabbacin tsayar da wadda ta riga ta shiga. Don haka ido zai ci gaba da kasancewa a kansa. Idan mai fara'a ya koma ɓuya a lungu, ko yana cizon itace da dutse, ko haushinsa ya sauya, ko muƙamuƙi ya saki yana dalalar da yawu, ko ƙafafun baya sun fara ja, rufe ƙofa ka kira mu. Don Allah kada ka sa hannu a bakinsa da sunan ƙashi ne ya maƙale masa. Haka wani nau'in ciwon yake kama.

Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur, a shafa aidin, a tafi asibiti a ranar. Ba a jiran kwana 10 su cika kafin a fara allurar mutum. Gashin karen da ake ƙonawa a barbaɗa, ba ya maganin komai.

Abinci kuma, tausayi ne kan yi ɓarna. Karen da ya daɗe da yunwa, in ka cika masa kwano rana ɗaya zai iya kwantawa. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a yini: dafaffiyar shinkafa ko tuwo da ɗan nama, kifi ko ƙwai. A guji miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, suna lalata masa jini, haka nan dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ruwa kada ya yanke, musamman a Maris da Afrilu. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, babba mai gashi kuwa rana ɗaya a filin siminti tana iya kashe shi.

Kaska da ƙuma da tsutsar ciki da ƙazuwa duk muna da maganinsu. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a kawo kare an yi masa wanka da fiya-fiya, yana karkarwa yana kumfa, ko an shafe shi da baƙin mai. Guba ce gare shi, guba ce ga yaron da zai taɓa shi.

Sai batun girma. Kare mai kilo 35 ko 40 ya fi ƙarfin yaro, ko da wasa ya yi tsalle zai kayar da tsohuwa. Wanda aka wulaƙanta kuma tsoro ne ke sa shi cizo, ba mugunta ba. Kada a taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada a rutsa shi a lungu. Gurnani gargaɗi ne. In ka dake shi don ya yi gurnani, gobe zai ciji ba sanarwa. A fita da shi da igiya mai ƙwari da sassafe ko da yamma, da takunkumi in za a ratsa cikin mutane. Ɗaurin sarƙa dare da rana shi ke mayar da kare mafaɗaci. Wanda ya san ba shi da fili ko lokaci ko kuɗin allura, ya faɗa tun farko a nemi wani, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ranar da mai so ya zo, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Faɗa masa gaskiya: yana bin kaji, yana tsoron mai sanda, ya taɓa kai wa wani hari. Je ka ga gidan da idonka, ka san ko gadi zai yi ko gona ko garke, domin akwai masu karɓar kare kyauta su sayar da shi washegari. Ku yi magana da likita kan dandaƙa, ko aikin hana haihuwa idan karya ce. Ka miƙa katin allurar hannu da hannu, ka nuna masa ranar da za a sake ta baɗi.

Mutumin nan nawa ya riƙe karen wata huɗu. Yaransa biyar na sa aka duba su a ranar, aka sami guda da yakushi a hannu, aka yi masa allurarsa har ta cika. Karen yanzu yana gadin wata gonar kaji a bayan gari, ya yi ƙiba, gyambon wuyan ya warke.