Our Lady of Pompeii, cocin 'yan Italiya na unguwar Greenwich Village a New York, yaya aka yi ya samu?

Wai me ya sa sai da 'yan Italiya suka yi nasu cocin a New York, ba duk Katolika ba ne?

Eh duk Katolika ne, amma fa zaman bai yi daɗi ba. Da suka fara kwararowa Amurka wajajen 1880, yawancinsu talakawan ƙauye, sai suka tarar coci-cocin birnin a hannun 'yan Ayalan suke, fada na ta wa'azi da Turanci su kuma ko "zo in kashe ka" ba sa ji, a wasu wuraren ma ɗakin ƙasa ake tura su su yi ibadarsu can. Ka ga ai dole mutum ya ji an raina shi.

To wa ya kafa shi?

Fada Pietro Bandini ne a 1892, ɗan ƙungiyar da Bishop Scalabrini na garin Piacenza a Italiya ya kafa a 1887 don bin sawun 'yan ci-rani. A wani ɗan gida a Waverly Place aka fara. Sunan Our Lady of Pompeii kuma daga wani wurin ziyara ne na Maryamu kusa da Napoli.

Ibada kawai ake yi a ciki?

Ina! Fada Antonio Demo da ya riƙe cocin sama da shekara 30 shi ne tafinta, shi ne mai rubuta wasiƙa, wanda ba shi da aiki ma ƙofarsa zai buga. Sai gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle ran 25 ga Maris 1911, mutum 146 suka mutu, akasari 'yan mata Yahudawa da 'yan Italiya, an kulle ƙofa wasu ta taga suka yi ta faɗowa. Masana'antar ba nisa da cocin, Fada Demo ne ya yi ta fama da jana'iza da rarrashin iyaye.

Ginin yanzu shi ne na asali?

A'a. A 1898 sun koma wani coci a titin Bleecker wanda a da na Katolika baƙar fata ne, aka rushe shi da za a ƙara tsawon titin Sixth Avenue. Na yanzu a titin Carmine yake, 1928 aka buɗe shi, ɗan dandalin da ke gabansa kuma sunan Fada Demo aka sa masa.