Kuɗin Inshorar Ƙasa da kamfani ke biya kan albashin darakta a Birtaniya

Inshorar Ƙasa a Birtaniya kuɗi ne da ake cirewa kan albashi, ma'aikaci na biyan nasa kaso, kamfanin da ya ɗauke shi ma na biyan nasa daban, duka suna tafiya hannun hukumar haraji ta HMRC. Darakta ma a wajen dokar Inshorar Ƙasa ma'aikaci ne, sai dai lissafinsa ya sha bamban, domin shi ba wata-wata ake auna shi ba, shekara guda ake ɗauka dunƙule. Dalilin kuwa a fili yake: darakta shi ke da wuƙa da nama, zai iya yanka wa kansa albashi yadda ya ga dama, ya tara shi a wata ɗaya ko ya rarraba don ya rage abin da zai biya, shi ya sa aka toshe wannan kafar.

Shekarar haraji tana farawa ran 6 ga Afrilu ta ƙare ran 5 ga Afrilun baɗi. Daga 6 ga Afrilun 2025 kason kamfani ya tashi daga 13.8 zuwa 15 cikin 100, sannan matakin da ake fara biya ya sauko daga fam 9,100 zuwa fam 5,000 a shekara, wannan canjin ministar kuɗi Rachel Reeves ce ta sanar a kasafin Oktoban 2024. Wato duk abin da ya haura fam 5,000 sai a ɗauki kashi 15, kuma ɓangaren kamfani ba shi da rufi, ko albashin ya kai nawa haka za a ci gaba da cira. Daraktan da ke karɓar fam 12,570, a cire 5,000 saura 7,570, kamfani zai biya fam 1,135.50.

Hanyoyin lissafin biyu ne. Ta farko ita ce ta tarawa, duk biyan da aka yi sai a haɗa da na baya tun farkon shekara. Mai albashin fam 1,000 a wata, wata biyar ɗin farko kamfani ko sisi ba zai biya ba tunda jimlar ba ta wuce 5,000 ba, a wata na shida ne abin zai fara cizo, fam 150 kowane wata har ƙarshe, jimla 1,050. Nan ne masu ƙananan kamfanoni ke shan mamaki, sun saba ba sa biya kwatsam sai ga lissafi ya fito. Ta biyu kuma a yi masa kamar sauran ma'aikata, matakin wata fam 417, sai ya zama kamar fam 87 da 'yan kai duk wata, amma a biyan ƙarshe na shekara dole a sake lissafi kan shekara gaba ɗaya a cike giɓi. Jimlar dai ɗaya ce, lokacin fitar kuɗin ne kawai ya bambanta, kuma ta biyun ta fi dacewa da mai albashi tsayayye.

Wanda aka naɗa darakta a tsakiyar shekara ba ya samun 5,000 ɗin cikakke, ana raba shi gwargwadon makonnin da suka rage har da makon naɗin, in saura mako 26 matakinsa wajen fam 2,500 kenan. Amma wanda ya sauka daga kujerar a tsakiyar shekara, lissafin shekara ne dai ke bin sa har ƙarshenta.

Ribar hannun jari ba ta shiga wannan lissafin sam, shi ya sa daraktoci da yawa ke ɗaukar ɗan albashi kaɗan su kwashi sauran ta can. Motar kamfani da makamantan alfarma kuwa suna da nasu aji, 1A, shi ma kashi 15. Akwai rangwamen da ake wa kamfanoni har fam 10,500 a shekara, amma kamfanin da darakta shi kaɗai ne mai albashin da ya haura matakin ba ya samu. Ko darakta ya kai shekarun fansho ya daina biyan nasa, kamfani sai ya biya, kuma kada kuɗin su wuce 22 ga watan haraji na gaba ba su isa HMRC ba in ta intanet ake turawa.