Fishin (damfarar saƙon imel)

Fishin, wanda ake rubutawa phishing a Turance, hanya ce ta damfara inda ake aika wa mutum saƙo da sunan wanda ya amince da shi, kamar banki, abokin ciniki ko shugabansa a wurin aiki, domin a yaudare shi ya ba da kalmar sirrinsa, lambar katinsa, ko ya tura kuɗi da hannunsa. An fi yin sa ta imel, amma har da saƙon tes, kiran waya da kafafen sada zumunta. Bambancinsa da sauran kutse shi ne ba na'ura ake fasawa ba, mai ita ake lallaɓawa har ya buɗe ƙofa da kansa.

Asalin suna da tarihi

Kalmar ta fito ne daga fishing, wato kamun kifi: ɗan damfara ya jefa fatsa da koto, ya zauna jira. Ana kyautata zaton haruffan “ph” an aro su daga phreaking, sunan da ake kiran kutsen layukan tarho tun kafin zuwan intanet.

Damfarar ta fara bayyana a tsakiyar shekarun 1990 tsakanin masu amfani da America Online, wani kamfanin samar da intanet a Amurka. Wata manhaja mai suna AOHell, wadda ta bazu a wajajen 1995, ta sauƙaƙa wa masu kutse yin shigar ma'aikatan kamfanin, suna tura saƙo cewa a “tabbatar” da asusu. Wanda ya amsa, asusunsa ya tafi. Har ta kai kamfanin yana gargaɗin jama'a cewa ma'aikacinsa ba zai taɓa tambayar kalmar sirri ba. Ana yawan ambaton Janairun 1996 a matsayin lokacin da aka fara ganin kalmar a rubuce a bainar jama'a.

Daga nan hankalin 'yan damfara ya koma kan kuɗi. A 2001 an kai wa tsarin biyan kuɗi na e-gold hari, zuwa 2003 kuwa shafukan jabu masu kama da eBay da PayPal sun yawaita. A shekarar ce aka kafa ƙungiyar Anti-Phishing Working Group mai tattara bayanai kan irin waɗannan hare-hare.

Abin da ya biyo baya ya fi muni, domin an daina watsa saƙo ɗaya ga dubban mutane kawai, aka koma auna mutum guda bayan an yi nazarinsa. A 2011 an shiga kamfanin tsaron kwamfuta na RSA ta fayil ɗin Excel da aka tura wa wasu ma'aikata da sunan shirin ɗaukar aiki. A ƙarshen 2013 an sace bayanan kati kusan miliyan 40 daga kantunan Target, kuma rahotanni sun nuna an bi ta wani ƙaramin ɗan kwangilarsu ne da ke kula da na'urorin sanyaya wuri. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi shigar kamfanin Quanta Computer na Taiwan, ya riƙa aika takardun neman biyan kuɗi na ƙarya, ya karɓi sama da dala miliyan 100 daga Facebook da Google. Kotu a New York ta ɗaure shi shekara 5 a 2019.

Yadda ake gane saƙon

A da ana gane shi da kurakuran rubutu. Yanzu wannan alama ta yi rauni, domin saƙonni da yawa suna zuwa tsaf, da tambari da sa hannu. Abin da bai sauya ba shi ne matsin lamba: a biya yau, za a rufe asusu cikin awa 24, kada a gaya wa kowa.

Mafi haɗari ga ƙaramin kamfani shi ne saƙon da ya yi kama da na kullum. Akanta zai buɗe imel daga dillalin da suka shekara suna ciniki, sunansa daidai, lambar odar daidai, sai layi ɗaya a ƙasa: mun sauya banki, a tura kuɗin wannan asusu. Sai an duba adireshin a tsanake za a ga an sa “rn” a madadin “m”, ko lamba 1 a madadin harafin l. Wani lokaci ma adireshin na gaskiya ne, akwatin dillalin aka kutsa. Shi ya sa duban ido kaɗai bai isa ba. A kira shi ta lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Ɗora linzamin kwamfuta a kan mahaɗi ba tare da latsawa ba yana nuna ainihin inda zai kai mutum. Alamar kwaɗo a gefen adireshin shafi tana nufin an ɓoye bayanan da ke kai-komo ne kawai. Shafukan jabu ma suna da ita.

Kariya a ƙananan kamfanoni

Ƙaramin kamfani ba kasafai yake da ma'aikacin tsaron kwamfuta ba, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke buɗe imel, shi ke biyan kuɗi. Matakin da ya fi amfani shi ne tantancewa mai hawa biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, ta yadda kalmar sirri kaɗai ba za ta buɗe asusu ba. Bayansa sai kalmar sirri daban ga kowane asusu, da ƙa'idar cewa mutum biyu ne za su amince kafin a sauya asusun da ake biyan kuɗi.

Sabunta manhaja ba abin jinkirtawa ba ne. WannaCry, wata muguwar manhaja wadda ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, ta bi ta wata kafa ce da Microsoft ya riga ya toshe tun Maris. Kwafin ajiya na fayiloli kuma a ware shi daga kwamfutar aiki. Tsare-tsaren tantance mai aiko da imel, wato SPF, DKIM da DMARC, suna rage damar aika imel na jabu da sunan kamfani.

Idan an riga an latsa mahaɗin jabu, a sauya kalmar sirri, a sanar da banki nan take. Ma'aikacin da ke tsoron faɗa yakan ɓoye kuskurensa, jinkirin kuwa 'yan damfara yake yi wa amfani.

Saɓanin ra'ayi

Masana sun rabu kan gwada ma'aikata da saƙonnin fishin na gangan. Wasu na ganin yana ƙara lura, wasu na cewa tasirinsa ba ya daɗewa.