Renon dashen itatuwa a yankin Sahel

Renon dashe shi ne kulawar da ake ba ƙaramin itace tun daga ranar da aka ciro shi daga gandun reno aka sa shi a ƙasa, har zuwa lokacin da saiwarsa za ta kama, ya rayu ba tare da ban ruwa ba. A yankin Sahel, wanda ya haɗa da arewacin Najeriya da kudancin Nijar, wannan kan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Damina a nan gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba. Maraɗi kan samu ruwan da bai wuce kimanin milimita 500 ba a shekara, daga nan sai wata 8 na rani: iskar hunturu ta busar da ƙasa, bazara ta zo da zafin da kan haura digiri 40. Yawancin dashen da ke mutuwa, a raninsa na farko yake mutuwa.

Lokaci da rami

Ana dashe ne bayan damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe sosai, galibi daga Yuli zuwa farkon Agusta. A Nijar, 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce kuma ranar dashen itatuwa tun 1975. Wanda ya bari sai Satumba ya makara, domin ruwa zai ɗauke kafin saiwa ta yi nisa.

Akan haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 40 zuwa 50, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Dole a yage ledar da aka reni tsiron a ciki, in kuma saiwa ta nannaɗe a gindin ledar, a datse wurin. Kada a binne wuyan tsiron fiye da yadda yake a leda. A ƙasa mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta, manoman Tawa da Maraɗi kan yi tassa ko rabin wata, wato ramin da ke tare ruwan sama ya sa shi nutsewa a gindin shuka.

Ban ruwa

Nan ne aka fi yin kuskure. Mutane da yawa kan yayyafa ɗan ruwa kullum, suna ganin gata suke yi wa itacen. Ruwan yayyafi sama-sama yake tsayawa, saiwa ta biyo shi ta zauna kusa da fuskar ƙasa, ranar da aka yi fashi kuwa rana ta gasa ta. Abin da ya fi shi ne ruwa mai yawa jefi-jefi: bokiti guda, lita 10 zuwa 20, sau ɗaya ko sau biyu a mako, a zuba a hankali cikin gurbin da aka kewaye gindin da shi, da sassafe ko da yamma liƙis. Ƙasa mai yashi irin ta jigawa ta fi saurin bushewa, don haka tana son a kusanta lokutan. Mai laka kuwa in aka cika mata ruwa sai saiwa ta ruɓe. A shekara ta biyu ana ƙara tazara tsakanin ban ruwa, don a tilasta wa saiwa nutsawa ƙasa neman danshi.

Akwai tsohuwar dabarar binne tulu ko tukunyar ƙasa kusa da dashe, a cika ta da ruwa a rufe bakinta. Ruwan kan tsattsafo ta jikin yumɓun a hankali, kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha ba. Rufe gindi da karan gero, busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa shi ma yana riƙe danshi, amma a bar ɗan fili tsakaninsa da jikin itacen saboda gara. Wasu kan barbaɗa toka don korar ta.

Dabbobi

Da an gama girbi ana sakin dabbobi, kuma akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata 4 a safiya guda. Shi ya sa kariya ba ta gaza ruwa muhimmanci ba. Ana kewaye dashe da ƙayar magarya ko ta bagaruwa, ko kwandon kara, ko tubali da aka jera da ƙofofin shan iska, a bar shi har kan itacen ya fi ƙarfin bakin akuya.

Zaɓen iri

Itatuwan gida irin su aduwa, kurna, magarya, daƙwara da gawo sun fi jure fari. Gawo abin mamaki ne: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, don haka ba ya tare wa gero rana. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya karɓi yankin sosai. Da shi aka yi layukan tare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa, aikin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a 1975. Mangwaro da lemo kuwa sai inda ruwa yake kusa. Don shinge, aguwa da bini da zugu kan kama daga reshe kawai, lalle ma yana yi. Shimfiɗar ciyawar ado ta fi komai shan ruwa, kuma a garin da ake sayen ruwa a jarka gara a taƙaita ta, a yi amfani da kirikiri mai jure rana.

Renon tohon kututture

Yawan mutuwar dashe ne ya sa Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, ya sauya hanya a 1983. Ya lura cewa sabara da kalgo da sauran tsirran da ake sassabewa a gona toho ne na tsofaffin kututtura masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi zurfi. Manomi kan zaɓi rassa mafi ƙarfi, daga 1 zuwa 5 a kowane kututture, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski kowace shekara. Ba leda, ba ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a gonakin da suka kai hekta miliyan 5 a Nijar.