Su waye 'yan abolishan, kuma me ya sa ba a zancensu sai an ambaci Frederick Douglass?

Duk mai bibiyar labaran Amurka, musamman tun 2020 da ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis, zai riƙa jin wasu masu neman a rufe gidajen yari suna kiran kansu 'yan abolishan. Sunan ba sabo bane, aro suka yi daga mutanen da suka yi fafutukar soke bauta a Ingila da Amurka kusan shekara 200 da suka wuce. Abolishan a taƙaice shine a soke abu gaba ɗaya, kuma a zamanin can abin da ake nufi shine cinikin bayi da ita kanta bautar.

To amma fa ba duk wanda ya ƙi jinin bauta bane ake kira da wannan suna, nan ne mutane ke ruɗewa. A lokacin akwai masu cewa eh bauta ba kyau amma a bi a hankali, a bar waɗanda ke ciki su ƙarasa rayuwarsu a haka, 'ya'yansu ne za a 'yanta in sun girma. Akwai masu cewa a 'yanta su amma a biya iyayengiji diyya, kuma haka Ingila ta yi a 1833, fam miliyan 20 gwamnati ta ware wa masu bayi, su kuwa bayin da suka yi aikin ko sisi ba a ba su ba, har ma aka tilasta musu ƙarin aikin kyauta zuwa 1838 wai suna koyon sana'a. Sannan ga masu cewa a 'yanta su a loda su a jirgin ruwa a maida su Afirka, ƙungiyar da aka kafa a 1816 kenan wadda ta haifar da ƙasar Laberiya. Ɗan abolishan na gaske duk ya ƙi waɗannan. Shi cewa yake yanzu-yanzu, kowa da kowa, ba diyya ga wanda ya mallaki mutum, kuma wanda aka 'yanta ɗan ƙasa ne a inda aka haife shi. A 1831 wani Bature William Lloyd Garrison ya fara buga jarida a Boston da wannan ra'ayi, mutane suna musu kallon mahaukata masu son tada fitina, ana jifansu ana ƙona musu wuraren taro.

A cikin wannan tafiya ne Douglass ya fito, kuma a ganina shine ya cika ma'anar kalmar.

An haife shi bawa a jihar Maryland wajen 1818, shi kansa bai san ranar ba sabida ba a faɗa wa bayi ranar haihuwarsu. Tun yana jariri aka raba shi da mahaifiyarsa Harriet, tana wata gona mai nisan mil 12, sai dai ta tako da ƙafa cikin dare bayan an tashi aiki ta kwanta kusa da shi, kafin gari ya waye ta koma dan kar a yi mata bulala. Ya ce bai taɓa ganin fuskarta da hasken rana ba. Ta rasu yana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka.

Yana wajen shekara takwas aka tura shi Baltimore aikin gida wajen wani Hugh Auld. Matar gidan Sophia ba ta taɓa riƙe bawa ba, sai ta fara koya masa haruffa kamar yadda za ta koya wa kowane yaro, ranar da mijin ya gane ya hau ta da faɗa a gaban yaron, yana cewa in bawa ya iya karatu to ya lalace, ba zai sake bautuwa ba har abada. Yaron yana tsaye yana ji. Ashe mutumin nan ba da saninsa ba ya nuna masa ƙofa. Daga ranar matar ta daina, har ta koma in ta gan shi da jarida sai ta fizge, shi kuwa in an aike shi sai ya cusa burodi a aljihu, ya samu yaran Turawa talakawa na unguwa masu jin yunwa ya ba su burodi su biya masa karatu. Rubutu kuma a wajen masu ƙera jiragen ruwa ya koya, yana kallon haruffan da kafintoci ke sa wa katako alama yana kwaikwaya a jikin katanga da alli.

Da iyayengijinsa suka ga idonsa ya buɗe sai aka kai shi wajen wani manomi Edward Covey wanda aka san shi da karya taurin kan bayi. Wata shida ana dukansa kusan kowane sati, har ya ce a lokacin ya ji ransa ya mutu. Wata rana a 1834, yana ɗan shekara 16, Covey ya zo zai ɗaure shi a ɗakin dawakai sai yaron ya shaƙo wuyansa, suka yi ta kokawa kusan awa biyu, kuma daga ranar Covey bai sake ɗaga masa bulala ba. Ranar 3 ga Satumba 1838 ya gudu, ya sa kayan matuƙan jirgin ruwa, ya ari takardar shaidar wani baƙar fata mai 'yanci wanda ko kama ba su yi ba, ya hau jirgin ƙasa, kwandasta ya ɗan duba takardar sama-sama ya wuce. Kafin awa 24 yana New York. Wadda ta taimaka masa da kuɗin tafiya Anna Murray ce, ita ya aura bayan 'yan kwanaki, ita ta riƙe gida da ɗinki da wanki duk shekarun da yake yawon lacca, kuma gaskiya ba a ambatonta yadda ya kamata.

A 1841 aka ce ya tashi ya yi magana a wani taron masu adawa da bauta a Nantucket, jikinsa na rawa ya tashi, da ya gama sai ƙungiyar su Garrison ta ɗauke shi aiki. Nan ne abin da ya fi jan hankalina yake. Turawan da suke tare da shi, masu kyakkyawar niyya fa, sai suka riƙa ce masa kai dai ba da labarin abin da aka yi maka, sharhi da falsafa ka bar mana, wasu ma suka ce ya ɗan rage iya Turancinsa ya riƙa magana irin ta bayin gona dan kar mutane su ƙi yarda. Wato suna son shi a matsayin shaida, a nuna tabon bulala a bayansa jama'a su yi kuka a tashi. Shi kuwa ya ƙi, dan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda aka bautar ya fi kowa sanin yadda tsarin ke aiki da inda za a kama shi. Da mutane suka fara cewa ƙarya ne wannan bai taɓa zama bawa ba, sai ya rubuta tarihinsa a 1845 da sunayen iyayengijinsa da garuruwa ƙarara, abin da ya jefa shi cikin haɗarin kamu, dole ya tsallaka Ailan da Ingila kusan shekara biyu. Can ne magoya bayansa suka haɗa fam 150 suka fanshe shi a 1846. Wasu 'yan tafiyar sun yi fushi, suna cewa biyan kuɗin nan tamkar yarda ne cewa ana sayen mutum. Ni dai ina tare da shi a nan, dan masu sukar ba su bane za a ɗaure a mayar gona.

Da ya dawo a 1847 ya kafa jaridarsa a Rochester, daga baya ya raba gari da Garrison. Garrison na cewa tsarin mulkin Amurka na masu bayi ne dan haka ba zaɓe ba siyasa, wa'azi kawai, Douglass ya ce a'a a shiga siyasa a yi amfani da doka. A 1848 ya halarci taron haƙƙin mata na Seneca Falls ya goyi bayan a ba su ƙuri'a. A 1852 ya yi shahararriyar laccarsa kan bikin 'yancin Amurka, yana tambayar jama'a me wannan rana take nufi ga bawa. A waɗannan shekarun ma akwai wani namu a fagen, Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Djougou a Benin ta yau, mahaifiyarsa 'yar Katsina, an sayar da shi Brazil ya gudu daga jirgi a New York a 1847, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854.

Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, bayi kusan miliyan 4 ne a ƙasar. Douglass ya matsa sai an ɗauki baƙaƙe soja, 'ya'yansa biyu Lewis da Charles suka shiga, sannan ya je Fadar White House a 1863 ya faɗa wa shugaban ƙasa Lincoln ido da ido cewa ana biyan sojan baƙar fata ƙasa da na Bature. A 1865 aka soke bauta a tsarin mulki, Garrison ya ce aiki ya ƙare a rufe ƙungiya, Douglass ya ce ba a soke bauta ba sai baƙar fata ya samu ƙuri'a. An ba maza baƙar fata ƙuri'ar a 1870, amma kafin ya rasu ranar 20 ga Fabrairu 1895 ya ga yadda jihohin kudu suka riƙa ƙwace ta da dabaru da kisan gilla, kuma har tsufansa yana kan mumbari yana magana a kai, duk da ya riƙe muƙamai har da jakadan Amurka a Haiti.

Shi gyaran tsarin mulkin na 1865 ya bar wata kafa, ya hana bauta da aikin tilas sai dai in hukunci ne kan laifi. Jihohin kudu suka kama wannan, a kama baƙar fata kan zaman banza ko ƙaramin abu a ba da hayarsa ga masu gonaki da ma'adinai. Masu amfani da sunan abolishan a yau daga nan suke ɗauko hujjarsu kan gidajen yari. Mutum zai iya ƙin yarda da maganar rufe kurkuku gaba ɗaya, ni ma ina da tambayoyi a kai, amma tarihin da suke kafa hujja da shi gaskiya ne.

Kuma kar mu ɗauka labarin wasu ne can nesa. A arewacin Najeriya sai 1936 doka ta haramta bauta kwata-kwata. A Nijar sai 2003 aka maida ta laifin da ake ɗaure mutum a kai, bayan matsin ƙungiyoyi irin su Timidria, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ita da kanta ta tsaya gaban alƙalai a Yamai ta ba da labarinta.